Ranar da Malam Ya Rubuta Yaren Babana

Shekarun baya can, lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Tsafe zuwa Gusau, mahaifina yana cikin magina gadoji. Mutumin Italiya ne, mahaifiyata kuwa Bahaushiya. Ita ta kai ni makarantar allo a Tsafe, ina ɗan shekara takwas, ja wur da ni kamar gauta.

Yara suka laƙa mini "ɗan Nasara". Ba mai zama kusa da ni. Na daina amsa wa mahaifina da yarensa, har wata safiya na shafe fuskata da baƙin tukunya, wai don in saje. Kafin hantsi gumi ya zana mini layi-layi, aka yi ta dariya.

Malam ya kira ni. Na tafi, na ɗauka kora ce, don na ji wasu iyaye suna cewa bai kamata a koya mini karatu ba.

"Wanke fuskarka, ka zauna nan," in ji shi. "Yaya babanka yake kiran ruwa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Akwa."

"Rana fa?"

"Sole."

Ya tsoma alƙalami a tawada, ya rubuta su da ajami a wata 'yar takarda, ya miƙa wa babban ɗalibinsa, wanda ya fi kowa tsokanata. Yaron ya haɗa baƙi, sai ga maganar babana ta fito daga bakinsa sarai. Ban taɓa zaton haruffan da muke karatu da su za su yarda su ɗauki yaren gidanmu ba.

Malam ya ce, "Wanda ya halicci harshenku Shi ya halicci nasa. Ku koma karatu."

Da la'asar na karanta wa mahaifina takardar, wadda Malam ya ba ni. Ya zaunar da ni a cinyarsa, ya fara ba ni labarin ƙauyensu da mahaifiyarsa, abin da bai taɓa yi ba.

Tsokana ba ta ƙare ranar ba, amma kunya ta ƙare. Har yau ina mamakin dattijon malamin nan da bai taɓa wuce garin Kwatarkwashi da ke kusa da mu ba, bai san inda Italiya take ba, amma da kalma biyu ya mayar mini da ubana.