Malama Safara'u, Wadda Ta Ajiye Bulala

Kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama Safara'u ta riga ta tsaya a ƙofar aji ɗaya, a wata firamare da ke bakin fadamar Auyo. Ba rajista take fara dubawa ba, fuskoki take dubawa. Wannan idonsa ya yi ja, waccan ta shigo ba ta kula kowa. Sai ta durƙusa daidai tsawon yaro ta ce, "Me ka ci da safe? Wa ya ɓata maka rai?" Da rani a bayan babur take zuwa, da damina a kwale-kwale. Bana ta yi ritaya, bayan shekara talatin da biyar.

Ba da wannan hali ta fara ba, kuma ba ta ɓoyewa. A shekararta ta biyu akwai wani yaro, Yunusa, ɗan shekara bakwai, kullum gyangyaɗi yake a aji. Ta yi faɗa, ta yi bulala, ran nan ta kira shi rago, yara suka yi ta dariya. Washegari bai zo ba. Da mako ya cika, ta bi shi gida.

"Malama, ai ba lalaci ba ne," in ji mahaifiyarsa. "Tun rasuwar babansa shi ke korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ana idar da sallar asuba yake fita, daga can ya wuce wurinku, ko koko bai sha ba."

Sau uku tana komawa tana lallashinsa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kowa ya ji ni rago ne." Bai sake shiga aji ba. Yau magidanci ne, masunci, yana gaishe ta da ladabi in sun haɗu a kasuwar Haɗeja. Amma in an rubuta masa magani a asibiti, sai ya nemi mai karanta masa. Duk sa'ad da ta tuna, sai ta ce, "Tambaya ɗaya ce ban yi ba."

Daga ranar ta ajiye bulala, ta koma bin gidaje tana sanin halin da kowane ɗalibi yake ciki.

Shekarar da ambaliya ta cinye rabin ƙauyen, wata yarinya, Adila, ta dawo makaranta ba ta magana. Wasu suka ce taurin kai ne, wasu suka ce iska ce. Malama ta bincika, ashe a gaban yarinyar ɗakinsu ya rufta. Ta zaunar da ita kusa da ita, ta ba ta yumɓu tana ƙera abin da ta ga dama, ba ta matsa mata ba. Wata biyu ana haka. Wata safiya Adila ta miƙa mata wani ɗan ɗaki na yumɓu ta ce, "Namu ne." Yanzu Adila tana aikin jinya a Kaugama.

Malam Badamasi, hedimasta na lokacin, ya taɓa rubuta mata takardar gargaɗi, wai tana ɓata lokaci da wasa. "Wallahi ina jin kunyar takardar nan," in ji shi. "Mu manhaja muka sani, ita yaro ta sani. Sau nawa tana cewa in ba ta ko awa ɗaya ta zauna da sababbin malamai, ina ce mata sai wani zangon."

Malama, uwar aji ɗaya, ke ce kika koya mana cewa yaro ba shi kaɗai yake shigowa aji ba, da yunwarsa da tsoronsa da halin gidansu yake zuwa. Kina tsakaninmu muka kasa sauraronki. Kika tafi ba wanda ya zauna ya ɗauki abin da kika sani. Mun makara, amma mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya.

Ku malamai matasa, tana nan da ranta, ƙofarta a buɗe take. Ku je ku tambaye ta. Gobe kuma, kafin ku ɗaga murya a kan yaro, ku durƙusa ku ji daga ina ya fito.