Belin Ɗan Fari

Shekaru sun tura, amma ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a kotu gumi yana bin bayana, alƙali yana jiran kalma ɗaya daga bakin wani dattijo, dattijon kuma ya kafa wa ƙasa ido ba. Ku da kuka shigo aikin lauya kwanan nan kuna ɗokin shari'ar ƙwaya, kuna ganin a nan ake nuna iya magana. To ku saurara.

A lokacin ina da ɗan ofis a Karaye, ɗaki ɗaya da benci. Shari'ar ƙwaya kuwa ba a yin ta a kotunan da ke kusa da mu, sai an je Kano, don haka rabin rayuwata a mota take ƙarewa. Wanda nake karewa sunansa Haruna, ɗan acaɓa ne daga Fulatan ta ƙasar Rogo. Ranar kasuwa wani ya ba shi kwali a ɗaure, ya ce maganin shanu ne, ya kai wa wani mai shago a Karaye. Kun san yadda saƙo yake a wurinmu, ba a buɗewa, buɗe shi cin fuska ne ga mai shi. A hanya jami'ai suka tare shi, suka farke kwalin, sai ga ƙwayar tiramol maƙil. Mai saƙo ya yi layar zana, mai shago ya rantse bai san zancen ba.

Aikina shi ne in nuna wa kotu Haruna bai san abin da ya ɗauko ba. Amma irin wannan shari'a tana jan ƙafa, saboda haka abin da ake fara nema shi ne beli, wato a sake mutum ya koma gida, wani ya tsaya masa cewa zai riƙa kawo shi duk ranar zama. Matar Haruna tana da tsohon ciki, gyaɗarsa tana jiran noma, ga kotu tana dab da tafiya dogon hutun damina. In bai fito kafin hutun ba, sai bayansa.

Alƙali ya yarda da beli, da sharaɗin uba ko uwa ne za su tsaya masa, kuma shi da kansa zai yi wa mai tsayawar tambayoyi. Ban ga laifinsa ba. Harabar kotu cike take da 'yan belin haya, yau mutum uban wannan ne, gobe kawun wancan.

Washegari wani dogon Bafulatani ya yi sallama a ofis, ya ce sunansa Malam Sambo. Muka gaisa, muka sake gaisawa, har shanu sai da na tambaya, sannan ya ce, "Lauya, a kan yaron can na zo."

Na ce, "Wane yaro, Baba?"

Ya ce, "Wanda aka riƙe."

Nan gabana ya faɗi, don na gane. Haruna ɗan farinsa ne. Kunyar ɗan fari ba ta barin uba ya kama sunansa, ko ya nuna shi a gaban mutane ya ce nasa ne. Tun da aka yaye Haruna aka ba wan Malam Sambo riƙonsa, har sunan wan ne a katinsa, wan kuma ya rasu. Uwar ba a ma maganarta, kunyarta ta fi tasa. Takarda ba za ta cece mu ba, sai baki.

Na zaunar da shi na ce, "Baba, tambaya biyu za a yi maka. Ɗanka ne? Ka ce e. Yaya sunansa? Ka faɗa. Shi ke nan."

Ya ce, "To, Lauya."

Na ce, "Faɗi in ji."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai in an je can za a faɗa."

Aka je can. Alƙalin ba mutumin Arewa ba ne, da tafinta ake magana. Aka tambayi Malam Sambo me ke tsakaninsa da wanda ake tuhuma, ya ce yaron gidansu ne. Aka ce ɗanka ne? Ya ce wansa marigayi ne ya riƙe shi. Aka ce to yaya sunansa? Sai ya sunkuyar da kai. Lauyan gwamnati ya miƙe yana murmushi, ya ce ga irin iyayen hayar da ake faɗa, uba bai san sunan ɗansa ba. Na tashi na yi bayanin al'adar har muryata ta dushe. Alƙali ya saurare ni tsaf, ya ce yana girmama al'ada, amma abin da aka furta yake rubutawa. Ya ɗage zaman sai bayan hutu.

A waje raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, na ce ya san abin da ya jawo kuwa? Bai yi gardama ba. Ya ce, "Na sani, Lauya. Bakin ne ya ƙi." Na dubi idonsa ya kaɗa ya yi ja. Wata irin gajiya ta sauko min, na zauna a kan dakali.

Da na je gidan yari, Haruna ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce, "Kada ka ga laifinsa, Barista. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba." Yana ciki matarsa ta haihu, aka yi suna babu shi. Daga baya na ji cewa Malam Sambo ne ya nome gonar gyaɗar tas, da sassafe yake zuwa don kada a gan shi.

Bayan hutu muka koma. Ban sake koya masa komai ba, na gaji da koyarwa. Aka fito da Haruna ya rame, wuya kamar sillen kara. Na lura uban ya saci kallonsa sau ɗaya. Da tafinta ya maimaita tambayar, Malam Sambo ya damƙe ƙarfen gabansa, ya ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi. Sunansa Haruna."

Haruna ya ja rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Aka ba da beli. Shari'ar ta ci gaba da wahalar da mu har wata daminar, a ƙarshe aka sallame shi, don an kasa nuna ya san abin da ke cikin kwalin.

Abin da na koya shi ne, kotu ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa da baki, mutanenmu kuwa abin da ya fi girma a zuciyarsu shi ne ba sa iya faɗa. Lauya a tsakani yake, kuma tsayuwar nan tana cin rai. In mutum ya yi muku shiru, kada ku yi saurin cewa maƙaryaci ne.

Ranar da aka sake shi a beli, mun tsaya a tasha muna jiran motar Rogo. Malam Sambo ya sayo gurasa da tsire, ya miƙo min ba tare da ya waiwaya ba, ga ɗan nasa a tsaye kusa da ni. Ya ce, "Lauya, ba wa wancan, ya rame." Sannan ya wuce ya shiga wata motar daban.