Mama Gitau, Wadda Ta Nemo wa Makiyaya Sunayensu

Tun raɓa ba ta bushe a gonakin dankalin garinmu Molo ba, Keziah Nyaguthii, wadda kowa ke kira Mama Gitau, takan buɗe tsohon ɗakin cuku da ke bayan ofishin ƙungiyarmu ta masu madara. Ta share, ta bi gindin bango da ido ko gara ta yi hanya, ta buɗe taga iska ta shiga. Sai ta zauna bakin ƙofa tana tare masu wucewa da garewanin madara. "Kai, ɗan Wambaire! Kakarka ta warke? Ka ce mata ina nan tafe da hoto!" Ƙarshen watan nan za ta ajiye makulli, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun tana jin mu.

Ƙasar nan da muke nomawa, a da gonar shanun wani Bature ce, Bwana Thornley. Da ya tattara ya koma garinsu bayan an sami 'yanci, iyayenmu suka haɗa hannu suka saye ta, kowa aka yanka masa rabonsa. Takardunsa kuwa ya bar su cikin akwatunan ƙarfe: littattafan haihuwar shanu, taswirorin gona, da hotuna jibgi guda. Babu wanda ya waiwaye su, har ranar da shugaban ƙungiya na lokacin, Mzee Githinji, ya buƙaci ɗakin cukun da suke ciki don ajiye taki. Ya ce a ba mahauta su riƙa naɗe nama.

Lokacin Keziah mai awon madara ce, ita aka sa ta kwashe. Ta buɗe akwatin farko, ta zaro hoto. Saniya ce ƙosasshiya, a bayan hoton an rubuta sunanta, Primrose, da na uwarta, har da na kakarta. Mutanen da ke riƙe da igiyarta, ƙafa ba takalmi, ko harafi ɗaya ba a rubuta a kansu ba. Ta duba na biyu, ta duba na goma, duk haka.

"Mzee, saniya tana da kaka, mutum ba shi da ko suna?"

"To sai me? Takardun wanda ya zane iyayenmu da bulala kike wa kuka? Kwashe min su, 'yata, taki na hanya."

"Zan kwashe. Amma ba mahauta za su ba."

Ta kira mai amalanken jaki, sai gidanta. Mijinta ya dawo ya tarar babu wurin sa ƙafa a ɗaki. "Mun yi baƙi ke nan? Su ma zan ciyar da su?" Haka ya yi shekaru yana tsallake akwati kafin ya hau gado, kafin ƙungiya ta ji kunya ta mayar mata da ɗakin cukun.

Ke ce, Mama Gitau, kika gane tsere ake yi da mutuwa, domin masu iya gane fuskokin nan kullum raguwa suke. Ranar Lahadi kina bakin coci, ranar kasuwa kina tsakanin rumfuna, ko wurin makoki ba ki bar jakar hotunanki a gida ba. Wasu sun ce kin zautu. Wasu sun kore ki, sun ce kada ki tono musu tsohon miki. Kika ba da haƙuri, mako ya zagayo kika koma.

Ina kasuwa ranar da Mama Gitau ta miƙa wa Shosho Nyakio, tsohuwa mai sayar da kabeji, hoton Primrose ɗin nan. Tsohuwar ta kai shi nesa, ta matso da shi kusa, sai ta kurma ihu har masu babur suka taka birki.

"Babana! Wayyo, babana ne, Ndirangu wa Gichuhi! Ku dubi kunnuwan nan kamar faranti! Wannan 'yar banzar saniyar ce ta zubar masa da haƙori!"

Tana yarinya aka tafi da shi sansanin tsare mutane, bai dawo ba, ba ta kuma taɓa ganin hotonsa ba. Ta miƙe tana rawa tana kuka, kabeji na gangarewa ƙasa, mata suka kewaye ta da guɗa. Ranar ciniki ya tsaya cak!

Amma akwai mutum na biyu a hoton, dogo, riƙe da ɗaya gefen igiyar. Shosho ta ce, "Wannan abokinsa ne, ɗan ƙabilar Kipsigis. Sunan ya ɓace min." To, ba a daɗe da rigimar zaɓe ba, tokar gidajen da aka ƙona tana nan, mu da ƙabilar tasu babu mai ƙetare rafin da ya raba mu. Mama Gitau ta ce za ta je. Mijinta ya tsaya a ƙofa: "Sai dai ki taka ni ki wuce." Ta bi ta ƙofar baya.

A can ko kujera ba a ba ta ba. Tana tsaye, hoton yana yawo daga hannu zuwa hannu, har ya isa ga wani dattijo, Arap Sigilai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ku kawo wa baƙuwa nono. Ta zo mini da ubana."

Bayan kwanaki sai ga shi da sandarsa a rumfar Shosho Nyakio. Ita ta fara magana: "Babanka ne ya saki igiyar ranar da saniyar ta zubar wa babana haƙori." Ya ce, "Ƙarya kike yi, 'yar Ndirangu! Naki ne ya tsaya bayan saniya kamar baƙo." Aka fashe da dariya. Har yau ba su gama wannan gardamar ba.

Yanzu ɗalibai na zuwa daga nesa su karanta takardun, kuma a bayan kowane hoton da aka gane akwai sunan mutum da na ubansa, da rubutun hannunta. Ba ta taɓa neman lada ba, ba a kuma taɓa kiran sunanta a taro ba.

Mun gode, uwar sunaye. Kin ɗauki abin da aka rubuta don shanu kin mayar da shi namu. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa mijinki Baba Gitau haƙuri.

Ku kuma masu karatu, kada ku jira sai an ba ku makulli. Ku zauna da tsofaffinku, ku tambaya, ku rubuta. Akwai sauran akwati guda da ba a gane fuskokin cikinsa ba, kuma ranar sallamarta za ta baje su a harabar coci, ta gayyaci har mutanen ƙetaren rafi. Duk mai tsoho a gida ya ɗauko shi, ko a bayan babur ne. Ku tuna musu su zo da tabarau!