Ladan da Na Ɓoye a Cikin Labule

An kira ni ɓarauniya a cikin falon da ni na tsara shi, ina tsaye a kan kafet ɗin da ni na zaɓa. Ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe ba don kawai a yaba mini haƙuri.

Sana'ata gyaran ɗaki ce. Da jeren amare na fara, tun ban iya rubuta sunana ba. Daga gado da kwanuka na koma labule, daga labule na koma falo gaba ɗaya: launin fenti, inda kujera za ta zauna, irin fitilar da za a rataya. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin manya a nan Kawo, na zauna a bencin yara gwiwoyina suna dukan tebur. Kafin nan da kamu da taƙi nake auna taga, kuma ban taɓa yanka labule ya gaza ba.

Yadda ake biyan irinmu, duk wanda ke kasuwa ya sani. Ba ma cewa ga kuɗin aikina. Ki ce wa matar manya ta biya ki don kin kalli ɗakinta kin faɗi abin da zai dace, sai ta yi miki dariya, shawara ai kyauta ake bayarwa. Saboda haka a kan kaya muke ɗorawa. Mai yadi ya ba ni a farashin 'yan sana'a, ni kuma in ƙara wani abu a kan kowane yadi. Haka wurin kafinta, haka wurin mai fenti. Haka na tarar ana yi, haka na yi shekara da shekaru, ban taɓa ɗaukarsa abin kunya ba.

Matar da ta zage ni matar wani darakta ce a ma'aikatar gwamnati. Sun gama gidan da za su zauna bayan ritaya a Malali, aka haɗa ta da ni. Ranar farko ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, gidan nan naki ne, yadda kika ga ya yi." Ba mu rubuta komai ba. Wa ke fito da takarda a gaban wadda ta kira ta Yaya?

Sati bakwai na yi a kan gidan. Sau uku tana canza launin bango. Ta nace sai shuɗin labule, na ce tagar tana kallon yamma, rana za ta cinye shi kafin babbar salla. Na hau benen Babbar Kasuwa da wannan gwiwar tawa har na daina ƙirgawa. Na yi faɗa da kafinta sai da ya rage tsawon kujera, don yadda ya yi ta ƙofar kicin ba za ta buɗu ba. Kuɗin keken haya kuwa daga jakata yake fita. Ina cin abinci waya za ta yi ƙara: "Yaya, na ga wani a gidan ƙawata, ko mu koma irinsa?"

Ranar da na je rataya labulen ƙarshe, da azahar, na tarar da mata cike da falo sun zo ganin gida. Ina kan tsani da guduma a hannu, Hajiya matar gidan ta ce, "Yadin nan nawa kika ce kin saya?"

Na faɗa mata.

Ƙanwarta ta zuge jaka ta zaro rasit. Ashe labulen ya burge ta, ta yanki ƙyalle ta je kasuwa neman irinsa, ta faɗa shagon da nake saye.

"To wannan fa?" in ji Hajiya. "Shago ɗaya, yadi ɗaya."

Na sauko. Na ce, "Gaskiya ne. Abin da ke sama ladan aikina ne."

"Wane aikin? Tela ya ɗinka, an biya shi. Kafinta ya buga, an biya shi. Ke me kika yi?"

Ƙanwar ta ce, "Rakiya ta yi, Anti. Rakiyar kasuwa." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai suna latsa waya. Ta ƙara da cewa, "Ɓarauniya dai, sai dai ita da rana take tata."

Na waiga ina neman abin da zan nuna da yatsa in ce wannan ni na yi. Babu. Duk abin da ke ɗakin hannun wani ne ya yi shi. Nawa shi ne ƙofar kicin tana buɗewa ba ta bugi komai ba, shi ne mutum ya shigo ya ji idonsa ya huta. Ta ina ake nuna wannan?

Na ce, "Hajiya, da na bar ki da shuɗin nan da kika so, da yanzu falonki ya zama shagon aski."

Ban ce na iya bakina ba. Ta ce, "Baiwar Allah, ajiye gudumar ki tafi." Yaya ta ƙare ke nan.

Ragowar kuɗina da ta riƙe bai dame ni kamar matan da ke zaune ba. Aikina daga baki zuwa baki yake tafiya, ba ni da shago, ba ni da allo a bakin titi. A cikinsu akwai wata malamar asibiti da ke Doka, wadda muka riga muka yi magana zan yi wa 'yarta jere. Ban kai Kawo ba saƙonta ya shigo: a ɗan dakata tukuna.

Ban wuce gida ba, na juya kasuwa. Mai yadin, dattijo ne da muka daɗe tare, yana ganina ya fara ba da haƙuri.

"Hajiya, wallahi ban san matar nan taki ce ba. Da kin yi mini waya ai da na san abin da zan faɗa."

"Ka faɗi me, Alhaji?"

"To, abin da ya dace." Ya jawo littafin rasit ya ɗan kaɗa shi. "Daga yau ki faɗi yadda kike so, in rubuta miki. Kowa haka yake yi. Kada ki sa wa ranki damuwa."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na zauna a kan dilar yadi ina kallon littafin nan, sai na ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa. Shekara nawa ina wannan aiki, ga furfura, kuma wai gyaran da ya rage mini shi ne in nemi dattijo ya riƙa yi mini ƙarya a rubuce. Matar nan ta zalunce ni, wannan ba na janyewa. Amma tambayar da ta yi, ke me kika yi, ni na ba ta hanyar yin ta. Ni ce ban taɓa buɗe baki na ce idona da ƙafata suna da farashi ba. Na ɓoye ladana a cikin labule kamar kayan wani, da aka ɗaga labulen kuwa sai ya yi kama da kayan wani.

Na ce, "Bar shi, Alhaji. Ka riƙa rubuta gaskiyarka."

Washegari bayan na karya, na yagi takarda daga tsohon littafina na ajin manya, na zauna na rubuta da hannuna. Zuwa duba gida da awo, kuɗinsa kaza, a biya kafin in cire takalmi. Kaya a farashin kasuwa, rasit a hannun mai gida. Ladana daban, rabi kafin a fara. Wadda ta canza launi bayan an sayo, ita za ta ɗauka. Rubutun ya karkace, na kai shagon buga takardu da ke kusa da tasha aka buga mini guda goma. Na san wasu suna gani za su ce na cika tsada, su nemi mai ɗora musu a ɓoye.

Na sa ɗaya a jaka, na tari keke zuwa Doka. Malamar asibitin ce ta buɗe ƙofa da kanta, tana shirin fita aiki. Ta fara kame-kame, na miƙa mata takardar.

Na ce, "Karanta tukuna. Ina nan tsaye."