Malam Abduljalil, bakaniken da suka kira matsoraci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Abduljalil, mai garejin nan na unguwar Guéma a garin Parakou, bayan jinyar mako uku.

Malam, shekara tara ina kawo maka ɗalibaina na makarantar koyon sana'a, ba ka taɓa cewa mun tare maka aiki ba. Kai ka nuna musu yadda ake ɗura mai da sirinji cikin ramin kan inji, a auna, a san iyakar matsin da zai ɗauka kafin a zaɓi fistan. Kakan ce musu: "Ku fara tambayar mai mota inda yake shan mai."

Wannan tambaya ce ta jawo maka zagi. Bara Alhaji Ziyad, mai motar haya tsakanin Parakou da Djougou, ya kawo injinsa a sake haɗa shi. Yana son fistan masu tudu, a kankare kan injin, matsi ya ƙaru, ya riƙa wuce kowa a hanya. Ka ce masa mai shan kpayo, man kwalba na bakin titi, ba ya neman matsi mai yawa, don injin zai yi ta ƙwanƙwasa har fistan ya huje. Ka ƙi.

Ya kwashe kayansa ya kai wa masu guduma, waɗanda ma'auninsu ido ne, hujjarsu rantsuwa. Daga nan ya bi tasha yana cewa tsufa ya sa ka tsoro, injinka ba ya gudu. Direbobin da ka yi shekaru kana fitar da su kunya suka ɗauka, suka guje ka. 

Wata biyu motar ta yi. Ta tsaya kafin Djougou da fasinja cike, fistan biyu a huje. Duk tasha ta ji, amma ba wanda ya tako ya wanke sunanka. Ga su kuma shekaranjiya a sahun gaba na jana'iza, suna girgiza kai, wai an yi rashin gwani. Gwanin da kuka bari yana zaune shi kaɗai a inuwar mangwaro? Ku ji kunya.

Jiya Alhaji Ziyad ya je gaisuwa. Bai gama addu'a ba ya tambayi matarka, Hajiya Memuna, ko akwai wanda ka koya wa awon nan, don injin yana nan a kwance. Ta ce: "Alhaji, ai matsorata kaɗai ya koya wa. Ba za su yi maka ba."

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Memuna, da 'ya'ya Irfan da Zakiyya, da dangi na unguwar Zongo da Djougou, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.