Wilma Ozols da Unguwar Garwa

Wilma Ozols ta haura shekara saba'in, sanyin ƙashi ya fara kangarar mata da yatsu, amma har yanzu tana iya gina ɗakin da bai kai kwalin ashana girma ba, ta kafa masa ƙofa, ƙofar ta buɗe ta rufe. A kan teburin kicin take aikin, a gidanta da ke fuskantar tsohon layin dogo a Mundara. Duk ranar Asabar da la'asar sai ta ɗora abin da ta gina a kujerar gaban mota, ta nufi tsohon siton reluwe, inda ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa take haɗuwa.

Jirgi ya daɗe da daina tsayawa a Mundara. An kwashe layuka, an rushe shagon gyaran kawunan jirgi, rabin gari ya koma birnin Adelaide. Abin da ƙungiyar ta sa a gaba shi ne ta sake gina farfajiyar tashar kamar yadda take a zamanin jirgin kwal, a kan wani dogon teburi da ya cinye rabin siton, da 'yan jirage masu tafiya da lantarki, da 'yan mutane da ba su wuce farcen yatsa ba. An tsayar cewa za a buɗe wa jama'a ranar bikin nunin amfanin gona, a watan Oktoba.

An raba teburin allo-allo, kowa da nasa. Lindsay Treloar, shugaban ƙungiyar, wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da magani a babban titi, ya ɗauki ginin tashar, domin mahaifinsa ne shugaban tasha na ƙarshe, kuma a gidan dutsen da ke gefenta aka haife shi. Des Quirk, tsohon direban jirgi, ya ɗauki tankin ruwa da rumbun kwal. Allo ɗaya ya rage, na kusurwar da ke bayan rumbun. Lindsay ya ce tunda babu mai hoton wurin, a ɗora ɗan tudu a kai, a watsa masa ciyawar roba da 'yan itatuwa irin waɗanda ake sayowa daga Jamus a cikin kwali.

A lokacin Wilma ba ta fi 'yan watanni a ƙungiyar ba, kuma mazan sun ɗauka ta zo ne don ta riƙa dafa musu shayi. Ta ajiye butar ta ce babu tudu a wurin, kuma ba ta buƙatar hoto, domin a nan aka yanke mata cibi.

Unguwar Garwa ake kiran wurin. Mahaifinta mutumin Latbiya ne, ya zo bayan yaƙin duniya na biyu, aka turo shi gyaran layi da sharaɗin zai yi shekara biyu, ya zauna har ya mutu. Reluwe ba ta ba irinsu gida ba. Suka riƙa fasa garwar kananzir suna miƙar da ita da guduma, suna kafawa a jikin tsofaffin katakan layi, har aka samu unguwa: 'yan Latbiya, 'yan Foland, da iyalan 'yan asalin ƙasar waɗanda su ma a layin suke aiki. Wilma ta tashi a nan, ta yi aikin zuba shayi a ɗakin cin abinci na tasha, daga baya ta koma wanke taragun fasinja har ranar da aka rufe tashar. Unguwar kuwa, katafila ta share ta tun Wilma tana amarya.

Ba a sayar da ɗakin garwa a kwali, don haka komai da hannu ta yi. Kwanon rufi daga farantan alminiyam masu laushi da ake sayar da burodi mai nama a ciki: ta wanke, ta shimfiɗa a kan mataji, ta bi da farce har ya yi layi-layi. Ginshiƙai daga tsinken ashana da ta jiƙa a baƙin shayi. Ta yi igiyar shanya da zaren ɗinki, ta rataya 'yan riguna na takardar taba, ta shafa musu toka, domin a unguwar ba a taɓa sauke wanki fari ba. Ta yi kejin kajin maƙwabciyarsu, ta yi tanderun da mahaifiyarta take gasa baƙin burodi, ta yi salga a can gefe da ƙofarta a karkace.

Salgar ce ta fara tsaya wa Lindsay a rai. Ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Wilma, wa zai taso tun daga Adelaide ya zo kallon salga?"

"Wanda zai taso ya zo kallon ciyawar Jamus," in ji ta. "Ka taɓa ganin wannan kore a Mundara, Lins? Ko shekarar ambaliya ba a yi shi ba."

Des ya ce a yi wa mai girma shugaba uzuri, a gidansu ba a zuwa bayan gida, aike ake yi. Aka yi dariya, Lindsay ya yi tasa ta dole, maganar ta wuce.

Saura ƙasa. Mazan ƙungiyar wani gari mai launi suke saye su barbaɗa. Wilma ta ɗauki shebur da bokiti ta je ainihin filin da unguwar ta zauna, ta ɗebo. Ta tankaɗe da rariya, ta gasa a tanderun kicin don ƙwari su mutu, ta barbaɗa a kan allon, ta ɗiga gam da aka tsinka da ruwa. Ƙasar ta fito yadda ta san ta, ja mai duhu, da baƙi-baƙi a ciki kamar an yayyafa barkono. Da aka haɗa allonta da na Des, kowa ya yarda cewa nan ne kaɗai wurin da ya yi kama da Mundara. Wani ɗan layi da ake ajiye taragu ya ratsa gefen allon, aka jona masa wuta.

Akwai abin da masu wannan sana'a suke yi wa ƙasar waje kafin su sa ta kusa da layi: suna bin ta da maganaɗisu. Wilma a gida take aiki ita kaɗai, babu wanda ya gaya mata, ita ma ba ta tambaya ba. Filin da ta ɗebo ƙasar kuwa ya yi shekara da shekaru yana shan garin ƙarfen birki da na ƙafafun taragu.

Ranar gwaji Lindsay ya kawo abin da ya fi so a duniya, kan jirgi na tagulla da ya ƙera da hannunsa cikin shekaru masu yawa, kwatankwacin wanda yake jan taragun ma'adinai daga Broken Hill. Ya yi ta zagaya da shi, yana shigar da shi layin Wilma yana fitarwa, duk yammacin. Can sai ya fara tangaɗi, ya yi wani ɗan ƙara, ya tsaya daidai gaban kejin kaji. Warin ƙonewa ya tashi. Da aka buɗe cikinsa, ɗan injin ya yi baƙin gashi kamar haɓar da ba a aske ba. Maganaɗisun da ke cikin injin ya zuƙo garin ƙarfen da gam bai kama ba, har ya shaƙe ya ƙone.

Lindsay bai ɗaga murya ba. Ya naɗe kan jirgin a hankici, ya ce za a zauna a kan maganar Asabar mai zuwa.

Wilma ba ta musa cewa ƙasarta ce ta yi ɓarnar ba. Ta same shi a kantin burodi ranar Talata ta ba shi haƙuri a gaban mutane, ta ce ta san shekarun da ya zuba a wannan tagulla. Amma da ya ce to sai ta cire allon, ta ce haƙuri ta bayar, ba unguwa ba.

Des ya zo mata gida da maganaɗisun tsohuwar rediyo a aljihu. Ya ce abu ne mai sauƙi: ta kankare ƙasar, ta tace sabuwa, kowa ya huta. Suka zuba ragowar bokitin a faranti suka yi ta bi. Baƙin gari ya riƙa tashi yana manne wa ƙarfen, suna gogewa a kwalba, har kwalbar ta yi nauyi. Abin da ya rage a farantin sai ya koma wani ja-ja mai haske kamar hodar kwalliya. Wilma ta ɗebi kaɗan ta murza, ta zuba kusa da ɗakin mahaifinta, ta duba daga nesa, ta duba daga kusa.

"Wannan ƙasar wasu ce, Dessie. Ba ita muka taka ba."

Ya ce a shafa mata fenti mana, wa zai gane. Ta ce ita za ta gane. Wannan baƙin shi suke shaƙa, shi suke tsincewa a burodi, shi ya kwanta a ƙirjin mahaifinta har ya kai shi kabari. In an cire shi, gara ma a ɗora tudun Lindsay. Des ya ce taurin kanta ya fi na tsohon kan jirgin da ya taɓa tuƙawa, wanda sai an zage shi yake hawa tudu. Ta zuba masa shayi ta ce ya sha ya tafi.

Ranar zaman, an jera kujeru a gefen teburin, an yanka kek mai kwakwa babu wanda ya taɓa. Lindsay ya yi magana a tsanake. Ya ce ba shi da komai da unguwar, amma kowa a nan yana da injin da yake tsoron rasawa, kuma bikin ya matso. Ko dai a kankare ƙasar, ko a fitar da allon. Mazan suka sunkuyar da kai, alamar suna tare da shi.

Wilma ta miƙe, ta zaro filaya daga jakarta, ta sa hannu ƙarƙashin teburin ta datse wayar da ke kai wuta layinta. Ta ce daga yau babu injin da zai sake shiga nan, dama matattun taragu ake turawa wannan layi, za ta sa guda biyu masu tsatsa su zauna. Ƙasar kuma za ta shayar da ita gam har sai ta yi tauri kamar siminti, a zo da maganaɗisu a gwada, in ƙwaya ɗaya ta tashi ita da kanta za ta ɗauke allon. Amma ba za ta kankare ba.

"An taɓa share mu da katafila," ta ce. "Wannan karon sai dai ku ɗaga hannu ina kallonku."

Babu wanda ya so ya fara ɗaga hannu. Aka yi ta 'yan gyaran murya. Daga ƙarshe Lindsay ya ce ya ji, amma da sharaɗi ɗaya: a sa shamaki tsakanin allonta da babban layi, ko gilashi ko katako, yadda ko tsintsiya ta bi ta kai ba abin da zai tsallako.

Wilma ta ce ba sai an sayo gilashi ba. Akwai katanga a wurin tun asali, ta kwano, doguwa, reluwe ta kafa ta don kada fasinjoji su hango unguwar ta taga. Da gangan ta ƙi gina ta. Amma tunda ɗan shugaban tasha ya nema, za ta gina masa.

Lindsay ya ce ya tuna katangar. Daga tagar ɗakinsa yake ganinta yana yaro. Ya ce bai taɓa leƙa bayanta ba.

"Na sani," in ji Wilma. "Da mun gan ka."

Ta ci burodi mai nama har ya gundure ta kafin ta tara farantan da suka isa. Ta gina katangar tun daga rumbun kwal na Des har ƙarshen teburi, ta yi mata tsatsa daga ƙasa, ta bar saman da ruwan toka. Ƙasar ta sha gam ta daskare. Des ya bi ta da maganaɗisu a gaban kowa, lungu-lungu, bai tsinci komai ba. Masu kallo daga sama suke tsayawa, saboda haka katangar ba ta ɓoye musu komai ba: ga tasha da 'yan fasinjojinta a gefe guda, ga wankin mahaifiyar Wilma a ɗaya gefen.

Da safiyar bikin, kafin a buɗe ƙofar sito, Lindsay ya bi teburin yana duba komai, da kan jirginsa da aka sa wa sabon inji a hannu. A bayan rumbun kwal ya tsaya. Falle ɗaya na katangar a ɗage yake, an lanƙwasa shi waje, ga siffar wata 'yar yarinya ta rarrafo rabi ta kafar da buhu a hannu.

Ya ce wa Wilma ai sun yi da ita babu kafa. Ta ce ta nan suke shiga su tsinci kwal ɗin da ya zube, in ba haka ba sanyin hunturun da ake yi a nan a watan Yuli ya kashe su, kuma katangar ba ta taɓa yin mako ɗaya a rufe ba, har mahaifinsa ya gaji da aikowa a toshe. Ya ce ta manne fallen kafin mutane su shigo. Ta ce hantsakinta yana gida.

Des ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce jama'a sun taru, a buɗe ko a jira a gama shari'a. Lindsay ya dubi kafar, ya dubi Wilma, wadda ta riga ta ja kujera ta zauna a gefen allonta ta harɗe hannu. Ya ɗora kan jirginsa a layin da ya fi nisa da ita, ya ce a buɗe.