Ajiyar Da Na Sa Wa Almakashi

Rabin ɗakin kakata a unguwar Maamobi ta Accra kabad ne. Gado ɗaya, kujerar baƙi ɗaya, darduma, sai wannan kabad mai gilashi da ya tokare bango har kusa da kwano. A cikinsa akwai ƙoren da aka zana da wuƙa mai zafi, da faya-fayi masu launi, da tasoshin tagulla, da tandun fata wanda har yanzu yake ƙamshin man da aka taɓa zubawa a ciki, da dutsen guga na gawayi, da tsakiya da murjani cikin gwangwanin madara. Can ƙasa kuma zannuwan saƙi ne a ninke. Mutane kan shigo kallo kawai. Kaka takan bar kowa ya kalla har ya gaji, amma taɓawa, ko ɗan da ta haifa bai isa ba.

Kayan kashi biyu ne, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san haka. Akwai na Kaka, akwai na ajiya. Tun ba a haifi mahaifiyata ba aka yi wata shekara da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Kaka 'yar Bawku ce, 'yar ƙasa, abin bai shafe ta ba. Amma maƙwabtanta mutanen Nijar da Nijeriya suka cika manyan motoci da abin da hannu zai iya ɗauka, sauran suka tara mata a tsakar gida, kowa na cewa zai dawo in ƙura ta lafa. Kaka ba ta yi boko ba, sai ta ɗaura wa kowane kaya jan zare, ta yi masa ƙulli. Ƙulli ɗaya na matar mahauci ne, biyu na wani mai gyaran takalmi, haka har tara. Wasu sun dawo sun karɓa, da yawa ko labarinsu ba a sake ji ba. Duk shekara kafin azumi takan fito da kayan ta shanya, tana shafa ƙulle-ƙullen tana ambaton masu su ɗaya bayan ɗaya.

Na faɗi wannan duka ne don kada wani ya yi mini uzuri. Na san ma'anar jan zaren nan tun ban iya tafiya ba.

Ina da shekara ashirin da biyu lokacin da na gama koyon ɗinki a shagon wata mata a wajen Kawukudi. Mu biyar za a yaye rana ɗaya, kuma al'adar shagon ita ce kowace ta fito da kayan da ta ɗinka da hannunta. Sauran huɗun duk leshi suka saya. Ni kuwa zuciyata ba ta son a jera ni da kowa, halina ke nan tun ina ƙarama, har yau ma ban rabu da shi ba. Ina son in shigo wurin a rasa inda na samo abin da ke jikina. Sai idona ya faɗa kan wani zane a ƙasan kabad, baƙi wuluk na rinin baba, da siraran ratsin fari, bakinsa kuma an yi masa ado da zaren tsamiya, silikin nan na gargajiya. Jan zarensa ƙulli huɗu ne.

Na roƙi Kaka. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Mai shi bai zo ba tukuna."

Na ce, "Kaka, shekara arba'in da wani abu fa! Mai shi ya mutu tuntuni."

Ta ce, "Kin ga kabarinsa?"

Na fita ina ƙunƙuni. Bayan mako biyu aka yi rasuwa a Kumasi, Kaka ta tafi ta'aziyya. Na san inda take ɓoye mabuɗi. Na ɗauki zanen, na cusa wani tsohon atamfa a gurbinsa, na kai shago. Ban yi ko ɗar ba lokacin da na sa masa almakashi. Bakin mai tsamiya ya yi kauri, ya karya mini allurar keke har biyu, sai na fusata na yanke shi gaba ɗaya na jefa a buhun ƙyalle, masu shara suka kwashe.

Rigar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ranar yaye kowa ni yake kallo. Kaka ta dawo ana gobe, kuma a wurin bikin ta fara ganin rigar a jikina. Na ga lokacin da ta gane. Tana tafi tare da mutane, sai hannunta ya tsaya a sama, ta mayar da shi cinya a hankali. Da muka koma gida na shirya wa duka, na shirya wa zagi, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Kawuna, wanda bai san komai ba, ya wanke hotona babba cikin rigar ya kawo ya kafa a bangon ɗakin Kaka, saman gado, wai don ta riƙa alfahari da jikarta. Na ce a cire. Kaka ta ce, "Bar shi nan. Duk sanda kika shigo ki ga aikinki."

Wata bakwai bayan haka, wata Laraba da azahar, ina baranda ina ɗinki sai na ji sallama da irin Hausar da ba tamu ba. Wani magidanci ne riƙe da hannun wata tsohuwa doguwa, siririya, mai zane a fuska. Ya ce daga wajen Ƙonni suke, shi albasa yake kawowa Accra, wannan karon innarsa ta matsa sai ya zo da ita, kwana uku suna neman gidan. Kaka ta leƙo daga ɗaki. Suka tsaya suna kallon juna, sai tsohuwar ta kama baki ta fashe da kuka, Kaka ma ta fashe. Ina jin Kaka na cewa, "Ƙulli huɗu! Ƙulli huɗu ya zo!" Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Aka zaunar da baƙuwa a kujera, kujerar kuwa tana fuskantar gado, hoton yana saitin idonta. Sa'ar da na ci ita ce hawaye da gaisuwa sun ɗauke mata hankali. Ana ta lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Da ta tashi yin alwala, na faɗa ɗakin na hau gado na kama hoton. Kawuna ya lanƙwasa ƙusoshin a kan katakon, kamar wanda ke tsoron za a sace. Na ja, na ja, farcena ya karye, hoton ko motsi bai yi ba. Ɗan tsohuwar yana zaune a bakin ƙofa, ya waigo yana kallona, dole na sauko na yi kamar shimfiɗa nake gyarawa.

Na tarar da Kaka a bayan ɗaki tana zuba abinci. Na durƙusa na kama ƙafarta.

"Kaka, don Allah, don Annabi. Ki ce ruwa ya ci. Bara kwata ta cika ruwa ya shiga gidaje, kowa ya sani. Ba wanda zai ce ƙarya ce ko kaɗan."

Ta ce, "Ruwa ya kai gwiwa. Zanen yana bisa gado a hannuna ranar nan. Ke ma kin gani."

"Ita ai ba ta gani ba. Kaka, in aka ji, na mutu a unguwar nan. Wa zai ƙara kawo mini yadinsa?"

Gaskiya ce na faɗa. A Maamobi magana ba ta kwana, kuma telan da aka ce ya yanka kayan amana ya gama sana'a. Kaka ta zare ƙafarta daga hannuna, ta ɗauki kwano ta wuce. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Bayan an ci abinci Kaka ta buɗe kabad. Ta fito da ƙwarya biyu, da faifai, da tandun nan, kowanne da ƙullinsa huɗu, ta jera a gaban baƙuwa. Tsohuwar ta ɗauki ƙwarya ɗaya tana juyawa tana dariya tana kuka, tana nuna wa ɗanta inda ta fashe aka ɗinke ta da zare tun kafin a haife shi. Ni ina tsaye jikin ƙofa. Duk sanda ta ɗaga kai sai in saci kallon hoton.

Can ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Saura zanen innata."



Ta ci gaba da cewa, "Wallahi don shi na taho. Ita ta kaɗa zaren, ita ta saƙa. Da muka koma gida na iske ta rasu, an raba komi. Ba ni da wani abu a duniyar ga da hannunta ya taɓa sai wanga zane. In na sa hancina a ciki sau guda, ya ishe ni."

Kaka ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, kuma na gane shi sarai. Fili take ba ni. Ta jira. Ina jin rediyon maƙwabta, ina jin kwandastan tirotiro, motar haya, can bakin titi yana kiran fasinjan Nima. Kalma uku kawai ake nema a bakina, ni na yanka. Ni da ke da baki kamar reza, ni da ba a taɓa kayar da ni a cacar baki ba, na sunkuyar da kai ina kallon farcena da ya karye. Tsoro ne ya hana ni magana, ba wani abu ba, kuma har gobe ina jin kunyar wannan shirun fiye da ta yankan zanen.

Sai na ji muryar Kaka, ƙasa-ƙasa, kamar ba tata ba.

"Ruwa ya shigo mana bara."

Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Allahu akbar. Haka Allah ya so. In ke kika hwaɗi, ba ni da tambaya. Duk wanda ya zauna zangon ga ya san bakinki guda ne." Ta ɗaga hannu ta shiga yi wa Kaka addu'a, Allah ya saka mata da aljanna, Allah ya ba ta zuriya mai riƙon amana irin nata. Ɗanta na amin, ni ma ina amin, Kaka kuwa leɓenta bai motsa ba.

Na ɗauka an tsira. Har na fara ɗaure musu ƙoren a leda. Da la'asar suka miƙe za su tafi. Tsohuwar ta dafa gado don ta tashi, ta ɗago kai, sai ta tsaya. Ta matsa kusa da bango. Ta ƙara matsawa har goshinta ya kusa taɓa gilashin hoton. Ta sa ɗan yatsa tana bin ratsin farin nan daga kafaɗata zuwa ƙasa, biyu-biyu sannan ɗaya, biyu-biyu sannan ɗaya.

Ta ce, "Wagga ɗiyarki ce?"

Kaka ta ce, "Jikata ce."

"Ta iya ɗumki."

Ta juyo gare ni. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ɗiyata, bakin zanen fa, mai tsamiya? Kin aje shi?"

Na girgiza kai.

"Wata ukku inna ta yi bisa bakin nan kaɗai."

Na ruga ɗakinmu na zaro rigar daga akwati na kawo mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta kai hanci ta shaƙa. Sabulu da turarena kawai ta ji. Ta ninke ta da kyau ta mayar mini, ta ce ai an riga an yanka ta daidai jikina. Sannan ta dubi Kaka, suka daɗe suna kallon juna, ta ce, "Na gode da riƙo." Ta kama hannun ɗanta suka fita. Kaka ta bi su da nufin rakiya, tsohuwar ta ce mata, "Koma, ƙafarki ba ta da ƙarfi."

Washegari da hantsi Kaka ta kira ni. Ta fito da duk abin da ke da jan zare, ta jera a babbar tasa, ta ce in ɗauka. Na aza a ka, tana gaba da sandarta ina biye, muka bi lungunan Maamobi, muna tsallake kwata, mata na leƙowa suna tambayar ina za a da kayan kallo. Ba ta amsa wa kowa ba sai da muka isa zauren limamin unguwa.

Ta zauna ta bayyana masa ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, ta sa ya rubuta sunan kowa da garinsu. Liman ya ajiye alƙalami ya ce, "Hajiya, shekara nawa kayan nan na hannunki, ba wanda ya taɓa kuka da ke. Me ya faru yau?"

Kaka ta ce, "Malam, mai kaya ya zo jiya, na yi masa ƙarya. Wanda ya yi ƙarya a kan ajiya ɗaya bai kamata ya riƙe saura ba."

Liman ya dube ta, ya dube ni, yana jiran ƙarin bayani. Kaka ba ta ambaci almakashi ba, ba ta ambaci riga ba, ba ta ambace ni ba. Ina durƙushe a gefenta da gammo a hannu, nan ma ban buɗe baki ba.